Wa za ka ba aikin manhajarka: na gida, na maƙwabta ko na nesa?

Kawuna yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma shekara da shekaru lissafinsa yana cikin manyan littattafai masu bangon kwali. Da ya ce a yi masa manhajar da za ta riƙe kaya da bashi, ni aka ɗora wa nemo masu yi. Na ba na nesa, na ƙone hannu, na dawo gida.

Kafin ka tambayi kowa farashi, ɗauki takarda ka rubuta abin da kake so manhajar ta yi. In ka iya rubuta shi tsaf, yadda wanda bai taɓa taka Kano ba zai karanta ya gane, aikinka zai iya tafiya Indiya. In kuwa kowane layi sai ka ƙara da "ai ka san yadda muke yi", kada aikin ya wuce inda za ka hau mota ka je.

Ni ban yi wannan gwajin ba. Na ba wani ƙaramin kamfani a Indiya saboda kuɗin awarsu ya yi mini daɗi, kuma gaskiya sun iya aiki. Sai dai shagon intanet suka gina mana: ka biya, kaya su fita. A Kwari kuwa dillali zai ɗauki turmi ashirin da safe ba ko sisi, ya dawo da la'asar da kuɗin goma sha biyu, ya maido biyar, ukun ya ce sai jibi, sannan a cire masa la'ada. Ga baƙon da ya zo daga Maraɗi da sefa a aljihu. Bayanin wannan kaɗai ya ci mana makonni. Indiya tana gabanmu da awa 4 da rabi, saboda haka in Kawu ya buɗe shago ƙarfe 10, su ƙarfe 2 da rabi ne a wurinsu. Kafin mu idar da azahar sun fara haɗa jaka. Tambaya ɗaya, kwana ɗaya.

Sai kuma dala. Da dala muka yi ciniki. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Cikon da ya rage mana ya koma wani abu dabam. In kuɗin shigarka naira ne, lissafa kwangilar waje kamar dala za ta tashi gobe, ka ga ko har yanzu araha ce.

Ba ina cewa a guji na nesa ba ne. Aikin da aka riga aka yanka masa iyaka, kamar mayar da manhajar Android da ke aiki zuwa ta iPhone, ya dace da su, kuma a Indiya ko Biyetnam za ka sami ƙwararren da zai yi wuyar samu a unguwarku. Ka bi ta dandali irin Upwork, inda ake riƙe kuɗin sai ka amince da kashin da aka gama.

Na maƙwabta, wato Ghana, Kenya ko Masar, sun fi sauƙi ta fuskar agogo: Akara tana bayanmu da awa 1, Nairobi tana gaba da awa 2. Sun san ƙaramar waya, sun san netwok mai ɗaukewa, kuma mutanen Kenya suna tura kuɗi ta waya da tsarin M-Pesa tun 2007. Amma yawanci da dala za ka biya, in rigima ta tashi kuma kotun wata ƙasa ce. Masar Juma'a da Asabar suke hutu, ka sa wannan a jadawali.

Na gida shi ya gama mana aikin. Wani matashi ne daga Kaduna, ya zo ya zauna a kan benci kwana uku yana kallon ciniki. Rana ta biyu ya ce, "Alhaji, in netwok ya ɗauke fa, a tsaya da sayarwa?" Kawu ya yi dariya. Daga nan aka gina manhajar ta riƙa ajiye lissafi a waya, in netwok ya dawo ta tura. Ba wanda ya koya masa Paystack, hanyar karɓar kuɗi ta intanet, ko yadda ake jiran alat kafin a saki kaya.

Haɗarin na gida biyu ne. Gwanayen cikinsu kamfanonin waje na ɗauke su da albashin dala, sai ka wayi gari wayar mai aikinka ba ta shiga. Na biyu kunya: "ai ɗan gida ne", a ƙi rubuta yarjejeniya. Ka rubuta.

Ko wa ka zaɓa, fara da ƙaramin aiki na mako biyu, ka biya, ka ga hannunsa. Kafin alƙalami kada ya yi yawa, sauran a biya kashi-kashi bayan ka danna abin da aka yi da yatsanka. Asusun GitHub inda asalin rubutun manhajar yake, da sunan shafinka na intanet, da asusun Play Store, duk da sunanka da imel ɗinka za a buɗe su, shi a ba shi izinin shiga kawai. Lambobin kwastomominka na gaskiya kuma kada ka tura wa kowa don gwaji, ka ba su na bogi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa waje.

A takardar yarjejeniya ka sa wanda zai yi gyara bayan an miƙa aiki, da nawa a wata, da cikin awa nawa zai amsa kira. Mu mun ƙara layi ɗaya da Kawu ya nace a kansa: goman ƙarshe na azumi, lokacin da Kwari ba masaka tsinke, ba a taɓa manhajar da wani sabon abu, kuma wayar mai gyara a kunne take.