Ranar Ingila Ba Irin Ta Gida Ba Ce

Yawancin ɗalibanmu a watan Satumba suke sauka Ingila, lokacin da dare da yini suke kusan kai ɗaya kamar a gida, sai mutum ya saki jiki. To ɗan'uwa, jira Disamba. A Landan rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 na yamma kuma ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu za su riske ka, galibi kana aji ko wurin aiki. Tun wuri ka nemi inda za ka riƙa sallah, ka karɓi jadawalin masallacin unguwarku, don auna inuwa ba zai fisshe ka a nan ba.

Dalili shi ne duniya a karkace take kewaya rana, karkatar digiri 23.5. Kano tana digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, shi ya sa tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba. Landan kuwa ta haura digiri 51. A Disamba, ko tsakar rana, ranar ba ta ɗagowa sama da digiri 15, kamar hantsinmu, inuwarka ta kusa ninka tsawonka sau huɗu. Haska tocila a ƙasa kai tsaye, sannan ka karkata ta: hasken ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Haka zafin rana yake yi. Saboda haka kada hasken da ka hango ta taga ya ruɗe ka ka fita ba rigar sanyi. Safiyar da sama ta washe sau da yawa ta fi cizo.

Wannan raunanniyar rana ba ta isar fata ta samar da bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu baƙaƙen fata kuwa duk shekara. In kana neman ɗaki, zaɓi mai taga ta kudu, ta nan rana take shigowa.

Yuni kuma akasin haka ne. Yini ya zarce awa 16, ƙarfe 9 na dare gari da haske, yara su ƙi kwanciya. Sayi labule mai kauri. A makonnin nan sama ba ta yin duhu sosai, don haka masallatai suna saɓawa kan lokacin isha'i da asuba. Ni dai shawarata, riƙe masallaci ɗaya ka bi jadawalinsa.