Yadda Ɗalibin Malanta Zai Shirya Darasin Lissafi

Da farko ka karɓi tsarin aikin zango daga malamin ajin, wanda aka ciro daga manhajar NERDC (hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Nijeriya), ka ga inda aka tsaya. Ka zaɓi abu ɗaya tak, misali ragi mai aro a aji 2 na firamare.

Sai ka rubuta manufa a jimla guda: yaro ya iya cire 15 daga 32.

Kayan aiki su ne inda za ka fi ɓata lokaci, kuma sun cancanta. Ka ɗaure tsinken ashana goma-goma da roba. Yaro ya riƙe ɗauri 3 da tsinke 2, ya ga biyu ba za su ba da biyar ba, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Nan ne aro ke shiga kai. Yaranmu na Agege da Idi-Araba a Legas sun saba da canji a kasuwa, don haka ka gina misalanka da naira.

Ka tanadi bayani da Turanci mai sauƙi, domin ajin Legas ya haɗa Bahaushe, Bayerabe da Ibo.

A ƙarshe ka rubuta tambayoyi 5 na gwaji, ka warware su da kanka, ka kai wa malamin ajin ya duba kafin ranar darasi.