Yadda ɗalibi a Damagaram zai fara koyon manhajar kwamfutocin jirgin sama

Jirgin da ke sauka a filin jirgin sama na Zinder cikin hazon hunturu, sa'ad da ido bai gani nesa, yana dogara ne da kwamfutocin da ke gaban matuƙi, kuma waɗannan ba irin Windows ko Android ke tafiyar da su ba. Manhajojin da aka saba sa wa jirage su ne irin su VxWorks 653, wadda ke cikin Boeing 787, da INTEGRITY-178, da PikeOS. Suna da tsada ƙwarai, amma ɗalibin Jami'ar André Salifou zai iya koyon tushen aikinsu da ƙaramin allon kwamfuta mai suna ESP32 da manhajar FreeRTOS wadda ake samu kyauta.

Ka fara da lokaci. Rubuta ayyuka uku: ɗaya ya karanta ma'aunin zafi sau 100 a kowane sakan, ɗaya ya yi lissafi, ɗaya ya kunna fitila. Ka bar allon a kan batir ya kwana yana aiki, domin ɗaukewar wuta kada ta katse maka gwaji, sa'an nan ka duba jinkiri mafi tsawo da aka samu ko da sau ɗaya ne. Wannan adadin shi ne abin lura, domin umarnin da ya isa fiffiken jirgi a makare bai da bambanci da umarnin da aka yi kuskurensa.

Bayan haka ka lalata aiki ɗaya da gangan, ka ba shi fifiko, ka sa shi ya riƙa juyawa ba tsayawa, za ka ga sauran da ke kan sashen sarrafawa (core) ɗaya da shi sun tsaya cik. Ƙa'idar manhajojin jirgi ta ARINC 653 maganin wannan take yi: kowace manhaja tana da rumfarta a ma'adanar bayanai, kamar 'yan kasuwar Dole, tana kuma da ƙayyadadden lokacin da idan ya cika za a karɓe na'urar a ba ta gaba, ko ta gama ko ba ta gama ba. Ka sa wa allonka agogon gadi, wanda ke sake tayar da shi idan ya daina amsawa.

Gwajin da na fi so kowa ya yi shi ne na lambar da ke ƙirga lokaci. A shekarar 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta gargaɗi masu Boeing 787 cewa na'urorin da ke kula da janaretocinsa, idan suka kai kwana 248 a kunne, lambar ƙirgarsu za ta cika ta tumbatsa, dukansu huɗu su iya tsayawa a lokaci guda, jirgin ya rasa babbar wutarsa ko da yana sama. A ɗakin gwaji aka gano matsalar. A 2017 hukumar Turai, EASA, ta umarci a riƙa kashe wasu jiragen Airbus A350 ana kunnawa kafin su cika awa 149. Irin wannan ciwon yana nan a allon da ke hannunka, domin lambar da ke ƙirga kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan a bit 32 (wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya) tana komawa sifili bayan kusan kwana 50. Kada ka zauna jiran kwanakin. Ka ɗora lambar dab da ƙarshenta, ka ga abin da shirinka zai yi idan ta juya, ka gyara shi ta hanyar debe lokacin farawa daga lokacin yanzu maimakon kwatanta lambobin biyu kai tsaye.

Sai aikin takarda, wanda matasa ba su cika so ba. Ƙa'idar DO-178C ta 2011 ta kasa manhajojin jirgi mataki biyar, daga A zuwa E, gwargwadon ɓarnar da lalacewarsu za ta jawo, kuma matakin A na wadda ka iya hallaka jirgi ne. Ka rubuta abin da ake buƙata kafin ka rubuta shiri, kowane layi ya zama yana da buƙatar da ta haife shi, kuma ka ba abokinka ya gwada, domin mai abu ba ya ganin aibin abinsa. Wanda ya saba da wannan zai ji sauƙi idan ya nufi makarantar koyon aikin jiragen sama da hasashen yanayi ta EAMAC a Yamai.

Manhaja mai kyau ma takan ɓata idan ma'auni ya yi mata ƙarya. Hatsarin Boeing 737 MAX biyu, a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, sun ci rayuka 346, kuma tsarin MCAS da ke danna hancin jirgin ƙasa ma'auni ɗaya yake saurare a lokacin. Saboda haka ka haɗa ma'aunin zafi uku a allonka, ka fitar da ɗaya cikin ranar bazara, biyu suna inuwa, ka tabbata shirinka ya bi biyun da suka yi daidai, ya kuma kunna fitilar gargaɗi a kan na ukun.