Yadda ake goge silinda kafin a sa sababbin zobban fistan

Masu gyaran mota a garejin Jidda sun sha tambayata yadda ake wannan aiki. Ga shi a jere:

1. Cire fistan da karanshaf (sandar da fistan ke juyawa), ka bar gangar injin tsirara.

2. Auna kowace silinda a sama, tsakiya da ƙasa. In lalacewar ta wuce iyakar da littafin injin ya nuna, guga ba za ta gyara ba, sai a kai wa masu yanka silinda da inji.

3. Kankare tudun da ke bakin silinda, don kada ya fasa sabon zobe.

4. Ɗaura duwatsun guga a injin huda. Dutse mai lambar kaushi 280 ya dace da yawancin zobba.

5. Jiƙa duwatsun da bangon da man guga.

6. Saka duwatsun cikin silindar, ka kunna injin hudar a hankali, kana kai shi sama da ƙasa da sauri.

Hattara: kada ka tsaya wuri guda, sai ya ci rami. Zanen gicciye ake nema, kusan digiri 45. In ya kwanta sosai, zobba ba za su zauna ba. In ya miƙe tsaye, injin motar zai riƙa shan baƙin mai.

7. Kashe injin hudar kafin ka zaro duwatsun.

8. Wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi. Fetur ba ya fitar da ƙurar dutse, kuma ita ce ke cinye sababbin zobba.

9. Shafa farin ƙyalle. Ya fito da toka, sake wankewa.

10. Busar, ka shafa mai nan take. Danshin Jidda na jawo tsatsa cikin mintuna.