Injin kwale-kwale ya yi zafi: kurakuran da aka fi yi

Yawancin injinan kwale-kwalen da ke ƙonewa a kogin Galma, ba tsufa ke kashe su ba, ruwan sanyaya ne ke yankewa mai shi bai kula ba. Babban kuskure shi ne ƙararrawa ta yi kuka, ko inji ya rage gudu da kansa, a ce bari a lallaɓa a kai gaɓa. Kashe shi nan take, ka ɗaga ƙafarsa, wato ɓangarensa na ƙasa da ke cikin ruwa, ka duba ramukan shan ruwa da ke saman farfela. Sau da yawa leda ce ko kainuwa ta manne a wurin. Da rani kuwa, in ruwa ya ja baya, yashi da laka yake zuƙa. Masu cire wayar sensa don ƙarar ta daina damunsu, fistin da ringi za su saya nan gaba.

Sai fitsarin inji, wato ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya. In bai fito ba, kada ka yi saurin kwance famfon da ke tura ruwan sanyaya. Zanzaro na son gina gida a ramin in an daɗe da ajiye inji. Zura igiyar fatsa mai kauri ka zungure. Amma fitowar fitsari ba ta nuna ruwa na zagaya kan silinda. In tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama, ya maƙale a rufe, za ka ga fitsari da ƙarfinsa, kan silinda kuma yana ƙuna. Ciro tamostat ɗin ka jefa cikin ruwan zafi. Yawancinsu na buɗewa tsakanin digiri 50 zuwa 60. In bai motsa ba, sayi sabo. Wasu bakanikai kan jefar da shi gaba ɗaya, sai inji ya riƙa aiki da sanyi, filogi na baƙi, mai na ƙarewa.

Impela, wato 'yar farfelar da ke cikin famfon tana tura ruwa, ita ce aka fi cuta. Roba ce, ruwa ne ke sanyaya ta, don haka tayar da inji a bakin gareji ba ruwa, ko na daƙiƙa 30 ne, yana iya ƙona fukafukanta. In za ka gwada a duro, ruwan ya haura faffadan farantin da ke saman farfela sosai, har ya rufe famfon. Wajen canza ta, ƙirga fukafukan tsohuwar. In ɗaya ya gutsure, guntun na nan cikin bututun da ke hawa sama ko wajen tamostat, kuma sai an nemo shi, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta yi maganin zafin ba. Shafa farantin da ke ƙarƙashin impela da cikin kofin da take juyawa a ciki da yatsa. In yashi ya yi musu zane mai zurfi, canza su tare. Kada ka manta ɗan makullin da ke riƙe impela a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya ta, don in babu shi shaf ne kawai zai juya. Shafa ruwan sabulu, ka riƙa juya shaf yadda agogo ke tafiya kana danna murfin famfon a hankali. Wajen mayar da ƙafa, leƙa ka tabbatar bututun ya shiga bakin famfo.

In duk wannan lafiya lau amma zafi na dawowa da zarar an ba shi wuta, duba ko an ɗaga injin da yawa har yana shan iska. In ba haka ba ne, ciro filogi. Ganin ɗigon ruwa a kansa na nuna gaskit ɗin kan silinda ya ƙone.