Yadda za mu riƙa tuna yaranmu sojoji da suka rasu

Idan yaron ƙauyenku soja ya rasu a bakin daga, don Allah kar abin ya tsaya a sadakar uku. Farko a bincika bashi, ko na mai shago ne a biya masa. Sannan samari ku haɗa kuɗi ko ɗari biyar-biyar ne a yashe rijiya, ko a sayo tabarmi da butoci a kai masallaci, ladan ya je masa. Hotonsa na kaki a wanke a ba mahaifiyarsa, waya lalacewa take wallahi. Gwamnati na tuna sojoji ranar 15 ga Janairu, amma Inna ina ruwanta da fareti, ita dai ku riƙa leƙa ta, da kaka a kai mata damin gero, marayunsa kuma a sa su makaranta.