Yadda ake gane dalilin kumburin ido da ciwon muƙamuƙi a jikin kifin sikilid

Yawancin kifayen ado masu launin ruwan ɗorawa da shuɗi da 'yan'uwa ke ajiyewa a falo a nan Jidda sikilid ne, dangin karfasa, wadda Larabawa ke kira bulti. Asalinsu tafkin Malawi da na Tanganyika. Suna da ƙwari, amma masifaffu ne, kuma wurare biyu suka fi nuna damuwarsu: ido da baki. Ranar da ka ga ido ya fito zuru kamar zai faɗo, kada ka ruga shago neman magani. Tsaya ka duba tukuna.

Mataki na farko, ƙirga idon. Idan ɗaya ne ya kumbura, galibi rauni ne: ko wani ya cije shi, ko ya bugi dutse yana gudun mai korarsa. Irin wannan kan warke da kansa cikin 'yan makonni in ruwa na da tsabta. Idan kuwa duka biyun ne, matsalar daga ciki take, ko ruwa ya lalace ko ƙwayoyin cuta sun shiga jiki har ruwa ya taru a bayan idon. Leƙa kifin ta sama. In ciki ya kumbura, ɓawon jikinsa ya mimmiƙe kamar bayan abarba, ƙoda ta taɓu, kuma da wuya ya tashi.

Na biyu, gwada ruwan, kuma a nan ne aikin yake. Sayi kayan gwaji na ɗigo, sun fi na takarda gaskiya. Amoniya da naitirait, gubar da kashin kifi ke haifarwa a ruwa, su zama sifili, naitiret kada ya wuce 40, in ya tsaya ƙasa da 20 ya fi. Ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kanwar ruwa, na kifin Malawi tsakanin 7.8 da 8.6 ne, domin ruwan tafkin mai ma'adinai ne. Kuskuren da muke yi a nan shi ne zuba ruwan tahliya na sha, wato wanda aka tace aka cire masa gishiri, da tunanin ya fi tsabta. Tsabta kam yana da ita, amma an tace ma'adinansa, sai pH ya riƙa faɗuwa, kifi ya galabaita ba ka sani ba. Zuba dakakken murjani ko yashin aragonait a cikin filta yana riƙe pH ɗin. Sai maganar zafi. Ruwan da ya yini a tankin saman gida a watan Yuli ba ya shiga akwatin kifi kai tsaye. Tara shi a bokiti ya kwana a ɗaki mai sanyi, ka sa maganin kashe kulorin. Kwanan da ya yi a bokitin yana kuma fitar da iskar da ta maƙale a ruwan famfo, wadda kan zama ƙananan kumfa a ido da fiffiken kifi. Zafin da suke so digiri 24 zuwa 28 ne.

In gwajin ya nuna ɓaci, canza kashi 30 cikin ɗari na ruwan yau, ka maimaita bayan kwana biyu. Kada ka wanke soson filta da ruwan famfo, ƙwayoyin da ke cinye amoniya a cikin soson suke zaune, kulorin kuwa na kashe su.

Na uku, ware mara lafiyar a ƙaramin akwati daban. Zuba gishirin Epsom, wanda kantin magani ke kira milhi ingilizi, cokalin shayi 1 zuwa 3 a kowace lita 20. Yana janye ruwan da ya taru. Gishirin miya ba ya wannan aikin.

Yanzu baki. Kafin ka kira shi ciwo, tabbatar ba mace ce mai goyo ba. Macen sikilid ɗin Malawi a bakinta take riƙe ƙwai, kusan mako 3, haɓarta ta kumburo, ta daina cin abinci, ta riƙa motsa baki kamar mai cin goro. Na taɓa ware wata ina ta zuba mata magani, rana ɗaya sai ga 'ya'ya sun fito suna yawo. Ƙyale ta kawai.

Idan baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, haska shi da fitilar waya. Sau da yawa tsakuwa ce ta maƙale, don kifin nan ba ya gajiya da haƙa. Kama shi da jiƙaƙƙen tsumma ka zare ta da hantsaki a hankali. Daga nan ka sauya tsakuwar da yashi mai laushi. In babu komai a ciki, ko baki ya karkace gefe, gocewar muƙamuƙi ce daga kokawar da maza ke yi baki da baki kan wurin zama. Wani ya koma da kansa, wani ya zauna a haka. Ni ba na ba da shawarar ka matsa shi da yatsa, ƙashin siriri ne, likitan dabbobi ya fi dacewa. Ka jiƙa masa abinci ya yi laushi, sannan ka ƙara duwatsu da ramukan ɓuya, ka rage yawan maza.

Wanda ba ya jira shi ne farin abu kamar auduga a leɓe, baki na zagwanyewa. Mutane na ɗauka funfuna ce, alhali ƙwayar cuta ce mai suna kolumnaris, kuma ruwan ɗumi ne ke ƙara mata ƙarfi. Sauke zafin a hankali zuwa 24, ka nemi maganin ƙwayoyin cuta irin su kanamaisin daga likitan dabbobi, ka cire gawayin filta kada ya shanye maganin. Ka kammala kwanakin da aka rubuta ko da bakin ya yi kyau.

Abinci ma a duba shi. Wanda ya daɗe a buɗe cikin zafin nan bitamin C ɗinsa ya tafi, kuma rashinsa na lanƙwasa muƙamuƙin ƙananan kifaye masu tasowa. Sayi ƙaramin gwangwani, ka ajiye shi a firji.